Na Ci Gumbar Sadakar Ukuna

Ku da kuke cika mani ƙofar shago a Kankia, waya a hannu, ƙane a baya, kuna cewa in sa shi a fim don yana ba mutanen gidanku dariya, ku sami benci ku zauna. Ba mutanen gida dariya ba sana'a ba ce, ɗan akuya ma yana yi. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ina ɗan shekara tara na fara tsayawa gaban kyamara, yau ga furfura ta fara leƙowa a gemuna, kuma in ban da shekara guda da zan ba ku labarinta, ban taɓa cin tuwon wata sana'a ba. An kira ni ɗan dirama da baki a karkace, an kira ni ɗan iska, an yi mani zaman makoki ina numfashi. Duk ban bari ba. To ba yau ne wanda ya ɗauki bidiyon minti ɗaya a waya zai koya mani cewa abin wasa ne ba.

Sunana na yanka Haruna, amma ban san mai kirana da shi ba. Abarshi ake ce mani, kuma duk Bakatsinen da ya ji wannan suna ya san ɗan wabi ne. 'Ya'ya huɗu Inna ta rasa kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Da na zo na zauna, sai aka bar mani tukku a tsakar kai, aka hana ni zuwa rafi, aka hana ni hawan bishiya ko da ta zogale ce. A Bauranya muke. Babana ɗan ci-rani ne, mafi yawan shekara yana Kudu, don haka maganar gidanmu tana hannun Inna da ƙanenta Kawu Mani. Shi ya yi ta lallashinta har ta yarda na riƙa takawa zuwa firamare a Kusada.

A can Malam Lawal ya gan ni. Malamin aji ne, amma a Kankia yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta fara ɗaukar fim a kaset, shi ne daraktansu. Yana neman yaro mai kamar ƙauye sosai, sai ga ni da tukku da manyan idanu. Ya tako har Bauranya, ya zauna a zaure, Inna ta tsaya a bayan asabari ta ba shi amsa.

“Malam, wanga ɗiya shi kaɗai anka bar mani. Ka tahi da shi da rai, ka maido mani shi da rai. Kada a aske mashi tukku. Kada a kai shi bakin ruwa. Kuma kada a yi mashi mugun hwata ko da wasa.”

Malam Lawal ya ce, “Inna, na ɗauka, in Allah ya yarda.”

“In kun saɓa, ya gama.”

A kan wannan sharaɗi na shiga sana'a, kuma na san ranar da aka karya shi, ranar zan koma riƙon akalar jaki.

Aikina na farko shi ne in ɗauko ƙwaryar nono, in yi taku bakwai, in tsaya daidai kan wani ɗan dutse da aka ajiye mani a ƙasa, in ji an daka tsawa, in saki ƙwaryar. Ku da kuke ji, kun ce me ke nan. Ƙwarya uku aka saya a hannun wata Bafulatana. Ta farko na sake ta tun ba a yi tsawar ba. Ta biyu na kalli ƙasa ina neman dutsen. Ta uku komai ya yi daidai, sai na ɗago kai na washe wa kyamara haƙora don a yaba mani. Malam Lawal bai dake ni ba. Ya sa aka koma neman Bafulatanar, ni kuma ya tsayar da ni a rana ina taku bakwai da ƙwaryar wofi har ƙafata ta san wurin dutsen ba tare da ido ba. Ranar na koyi doka ta farko: gilashin kyamara surukinka ne, ka san yana nan, amma ba ka haɗa ido da shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kyamara ɗaya ce, ta haya, wadda ake ɗaukar biki da ita, da batiri biyu da ba sa kai la'asar. Hasken fuska kuwa, falanki ne aka manna masa takarda mai ƙyalli, a tare rana da shi a jefo maka ita cikin ido, kuma a ce kada ka ƙifta. Jini, zoɓo ne mai kauri da ɗan zuma, shi ya sa ƙuda ke sonmu. Nawa kayan su ne riga ɗaya mai yagaggen aljihu, da takalmin roba, da tukku. Rigar nan ba a wanke ta sai an gama fim, don in ka shiga ɗaki da tabon miya yau, ko da bayan sati uku za a ɗauki fitowarka daga ɗakin, dole tabon ya fito tare da kai. Haƙorina ya taɓa yin girgiɗi a tsakiyar aiki, na yi kwana goma sha biyu ina tauna da gefe ɗaya, ina tokare shi da harshe, don kada yaron da ya shiga gona da haƙori ya fito da giɓi.

Kuka shi ne abincin yaro a fim. Akwai daraktocin da ke mintsinin yaro a cinya, akwai masu raɗa masa cewa uwarsa ta mutu, sannan su kunna kyamara. Na yi aiki da irinsu daga baya, kuma har gobe ba na gaishe su da hannu biyu. Malam Lawal albasa ya fara ba ni, ya ga hawayenta ba sa zuwa da rawar leɓe, sai ya koya mani in riƙe numfashi, in buɗe ido, in bar haɓata ta yi rawa tukuna. Wata biyu na yi ina gwadawa a hanyar Kusada, masu tafiya kasuwa suna tambayata wa ya dake ni.

Aibi ɗaya gare ni da ya kasa gyarawa. In an sa mani suna Sani a labari, sai a yi ta kiran Sani ina kallon kaji. Kaset kuwa ba ya jira. Da ya gaji, sai ya ce a riƙa kirana da sunana kawai. Tun daga nan duk fim ɗin da na fito, Abarshi nake. A lokacin dabara muka ɗauke ta.

Masu kallonmu ba 'yan birni ba ne. Mutanen da ke shiga gidan bidiyo ne ranar kasuwa, su zauna kan benci, janareta na ƙugi a waje. Suna kallo da zuciya ɗaya. Wanda ya fito a matsayin mugun maigidana a wani fim, wata tsohuwa a kasuwar Kankia ta ƙi sayar masa da daddawa, ta ce ya je ya nemi gafarar maraya tukuna. Ni kuwa ƙuli-ƙuli da rake nake samu kyauta. Muna ta dariya, ba mu ɗauki darasi ba.

Ina shekara goma sha biyu aka kawo aikin da ya fi kowane girma. Yaron labarin zai yi ciwo ya mutu, a yi masa sutura, a ɗauke shi a makara. Malam Lawal ya ja ni gefe ya ce, “Abarshi, ka tuna abin da Inna ta hwaɗi. Bala za ni ba wanga.” Bala wani yaro ne ɗan Kankia da ya daɗe yana harin wurina. Na ce ban yarda ba. Na ce Bauranya ko wutar lantarki babu, mata ba sa zuwa gidan bidiyo, Inna ba za ta taɓa gani ba. Na yi masa irin kukan da shi ya koya mani. Kada wani ya ɗora wa malamina laifin nan shi kaɗai, ni na nace.

Da bazara aka ɗauka, da tsakar rana. Sabon farin alawayyo aka sayo, ba a ko yanka shi ba don ana so a yi labule da shi daga baya, sai aka yi ta naɗa ni ciki. Aka shafa mani toka a leɓe, aka cusa mani auduga a hanci. Aikin shi ne in cika ciki da iska, in sake ta rabi, in ƙirga arba'in a zuci ba tare da ƙyallen ƙirjina ya motsa ba. Sau shida ina kaiwa talatin ƙirji ya ci amanata. A na bakwai ƙuda ya sauka kan fatar idona, ya yi yawonsa, ya gangara gefen baki. Na bar shi. Matar da ta fito uwata ta faɗi tana cewa Abarshi ya tafi ya bar ta, aka rufe fuskata, aka sa ni a makarar da aka aro a masallaci, aka ɗauke ni har bakin maƙabarta. Duk wanda ya ce wannan sauƙi ne, ga tabarma nan, ya kwanta in ƙirga masa.

Sai bayan kaka kaset ɗin ya fito, lokacin muna wani ƙauye can wajen Kano muna ɗaukar wani fim na sati uku. Kawu Mani ya kai gero kasuwar Kusada, wani ya ce masa ga ɗan yayarsa can a bidiyo. Bai taɓa shiga ba sai ranar, kuma ya shiga ana tsakiya. Ku fahimci mutumin. Shi a saninsa, kyamara abin da ya faru take ɗauka: ɗaurin aure, saukar karatu, sallar idi. Ya ga fuskata da auduga a hanci. Ya ji an kira sunana, ba na wani ba. Ya gane makarar, ya gane katangar maƙabartar Kankia. Ya fito yana salati, ko kuɗin geronsa bai tsaya karɓa ba. Aka tura mutum gidan Malam Lawal, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce sun kwashi kaya sun tafi, ba su faɗi inda suka nufa ba. Wayar hannu babu a lokacin. Sai magana ta tabbata: yaro ya mutu a hannun 'yan dirama, sun rufe shi a ɓoye, sun gudu. Duk wanda ya yi gardama, Kawu ya ce gani ya kori ji.

Da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ni a Bauranya, da sabon takalmi da ledar burodi. Na ga tabarmi a ƙofar gidanmu, dattawa sun jeru, ana rabon gumba. Na ɗauka Baba ne ya rasu a Kudu. Wani yaro da ke raba gumbar bai ɗago kai ba ya miƙo mani, na karɓa na gutsura, na ce, “Wa ya rasu?” Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi irin wannan gudu ba. Liman ya bar takalmi, Kawu Mani ya shige rumbu da kai. Sadakar ukuna ake yi.

Inna ba ta gudu ba. Ta fito daga ɗaki, kwana uku ba ta sa komai a baki ba, ta rame har na so in kasa gane ta. Ta kama tukkuna ta ja da ƙarfi sai da na yi ƙara. Ta saki, ta daɗe tana kallona.

“Da yardarka anka naɗe ka?”

Na ce, “I, Inna.”

“To ka gama.”

Na ji kunya a ranar irin wadda ban sake ji ba, kuma na ji haushi, don na san aikin ya yi kyau.

Shekarar nan ita ce mugunyar shekarata. Baba ya dawo ya zane ni, ya koma. Aka cire ni daga makarantar Kusada don kada in haɗu da Malam Lawal. Na yi kiwo, na yi noma, na kai taki gona a mangala. Yara suna bina suna kirana gawa ta ƙi rami. Labari yana zuwa mani cewa Bala ya fito a fim kaza da fim kaza. Ni kuma in na kora awaki bayan gari, sai in kwanta ƙarƙashin gawo in ƙirga arba'in, in tashi in yi kuka, in share, in sake, don kada hannu ya kwanta. Malam Lawal yana zuwa duk wata ya zauna a zaure, Inna ta aiko a ce masa ba ta nan da muryar da shi ma yana ji.

Kawu Mani ne ya buɗe ƙofar, don shi ma ya sha tsiya, an sa masa suna mai kashe rayayye. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ya shigo da Malam Lawal har tsakar gida, da ƙaramin talabijin da janareta na aro, da kaset ɗin asali wanda ba a yanke komai a ciki ba. Farin ƙyallen ma Malam ya zo da shi a leda. Inna ta zauna ta juya baya. Da ta ji an kira sunana sai ta waiwayo. Ta ga ƙudan, ta ga an rufe ni. Sai aka ji muryar Malam Lawal ya ce “kat”, wato a tsaya. Gawa ta yi atishawa, auduga ta yi tsalle, na tashi zaune ina cewa, “Malam, ƙuda ya kusa kashe ni, a ba ni ruwa.” Masu makoki na cikin fim suka fashe da dariya.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, “A maido baya.” Aka maido, na sake tashi. Ta ce a ƙara. Sau huɗu ta sa aka maido wurin nan, sannan ta ce ya isa. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙyallen, ta shafa shi.

“Huɗu na ba hwarin ƙyalle, ba wanda ya maido mani. Wanga ya maido. Bar mani shi, Malam, ya san hanyar gida. In tawa ta zo, shi za a sa mani.” Ta juyo gare ni. “Ka tahi. Amma in za su sake kashe ka, a zo a hwaɗa mani tun da sahe.”

Na koma Kankia da gudu, na tarar sana'ar ba ta jira ni ba. Rigar mai yagaggen aljihu ta tsaya mani a cibiya. Aka ba ni magana in faɗa, muryata ta fito kamar ta ɗan zakara mai koyon cara, kowa ya sunkuyar da kai. Wannan shi ne abin da ba ku sani ba. Babba in ya rasa shekara, ya rasa shekara. Yaro in ya rasa shekara, ya rasa sana'ar, don abin da yake sayarwa ƙuruciya ce, ita kuwa ba a ajiye ta a rumbu. Na wuce yaro, ban kai saurayi ba. Aka ce in haƙura in koma gona, na ce ko sharar wurin ce zan yi. Na aske tukku da kaina. Na riƙe falankin haske shekara uku, na riƙe sandar makirfo har kafaɗa ta kangare, na bi motocin 'yan fim zuwa Kano da Katsina, na fito cikin taron 'yan kallo inda ko uwata ba za ta gane ƙeyata ba. A hankali daraktoci suka lura cewa yaron da ya ƙi kowa, in na tsuguna gabansa yakan yi aiki. Yau in fim yana da yara, ni ake nema in zo da su, in horar da su, in mayar da su.

Dokokina ba su da yawa, kuma ba na sassauta su don girman motar kowa. Yaro ba ya fitowa da sunansa na gaskiya. Ba a mintsininsa, ba a yi masa ƙarya don ya yi kuka. In kuma labari ya ce zai yi ciwo ko ya mutu, ni da ƙafata nake zuwa wurin uwarsa, in ta yarda a ɗauki tashinsa kamar yadda aka ɗauki kwanciyarsa, ta gani da idonta kafin kowa. Kwanan baya wani mai shirya fim ya ce mani, “Malam Abarshi, yanzu kowa ya waye, ɓata lokaci ne wannan.” Na ce uwa ba ta wayewa da ganin ɗanta a likkafani. Na kwashe yarana uku na sa a mota muka dawo Kankia. Bayan kwana biyu ya biyo ni, muka tafi ƙauyen Boko tare wurin uwar yaron, ya tsuguna a zauren mutane ya yi bayani da bakinsa. Saboda haka in kun ji na ce ku koma ku turo mani uwar yaro, ba wulaƙanci ba ne. In ba za ku iya ba, ga hanya nan, ku ci gaba da wayarku.

Bara Inna ta rasu, da safe, bayan gajeriyar jinya. Da mata suka gama yi mata sutura, aka kira ni in shiga in yi mata addu'a. Ina shiga na gane ƙyallen. Shekara da shekaru yana cikin adakarta, ya ɗan yi ja a wurin ninki. Na tsuguna na yi addu'ar da na iya. Sai na tarar idona yana kan ƙirjin ƙyallen, ina ƙirgawa a zuci, kamar yadda nake yi wa kowane yaron da na kwantar. Na kai arba'in, bai motsa ba. Na ƙara arba'in. Ina cikin ta uku Kawu Mani ya dogaro sandarsa ya shigo, ya dafa kafaɗata.

“Abarshi, wanga karo ba dirama ba ce. Kama mu tahi.”